Lambar Girman Da Na Kai Maƙera

Ina yi wa masu wannan mujalla da masu karanta ta sallama daga unguwar Hindawiyya, a nan Makka. Lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara ashirin ba, ina goye da 'yata ta fari, wadda ba ta rufa wata bakwai ba. A nan aka haife ni, iyayena da ƙafa suka zo ta Sudan. Karatuna bai wuce izu biyu ba, amma Allah Ya ba ni ido. In na ga zane sau ɗaya, ko bayan shekara zan faɗi launinsa da faɗin kowane layi. Sai kuma Ya haɗa mini da tsoro. Yarinya ta yi atishawa, ni na riga na fara tunanin likkafani.

Maigidana tsohon soja ne, ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Bama. Da aka sallame su ya biyo hanyar alhazai ya zo, bai koma ba. Sana'arsa ga-ruwa, garwa biyu a sanda, daga bazan, wato inda ake ɗibar ruwan unguwa, zuwa gidajen mutane, yana ɗan ɗingishi saboda raunin harsashi a cinya. Mutum ne mai haƙuri, amma zancen yaƙi ba ya yin sa. In na tambaya sai ya ce mini uwar 'yata, abin da ya wuce a bar shi ya kwanta. Yana da wani gwangwanin shayi da yake ajiyewa a ƙasan akwati, ya ce kada in taɓa, ban kuwa taɓa ba.

Ran nan yarinyar ta tashi da zazzaɓi da gudawa, kwana uku ba ta kama nono sosai. Da hantsi, yana wajen aiki, na shiga birkita akwati ina neman ƙullin habbatussauda, hannuna ya faɗa kan gwangwanin, murfin ya buɗe. A ciki akwai wata takarda da rubutun boko, da hoton wani Bature sanye da buje iya gwiwa, kamar mace. A ƙarƙashinsu kuma, a naɗe cikin tsumma, ga wani abu na azurfa mai hannu huɗu, rataye da ƙyalle mai layi uku, fari, shuni, fari. Ina ganinsa na gane siffarsa. Gicciye ne, alamar Nasara, a ɗakina, a garin da wanda ba Musulmi ba ko ƙafarsa ba ta isa ta taka ba.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Maimakon in jira azahar in tambayi mai abu, sai na ɗauka na tsallaka wajen maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta zo ta Chadi, wadda muke kira Gwaggo. Tana gani ta ja da baya tana salati, ta ce ya binti, wato 'yata, ai ga ciwon 'yarki nan a hannunki, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da wannan. Ta ce ta ji sojan Nasara wanka ake yi musu a ɓoye kafin a ba su bindiga, kuma in haka ne, aurena ma sai a sake dubawa. Ta ce in masu sanda na kasuwa, wato 'yan hisba, suka ji, ƙeyar mijina za a tasa har bayan iyakar Harami, ni kuma in zauna da goyo ina kallon hanya. Na koma gida, na tsinke ƙyallen na jefa a murhu, na tsaya har ya zama toka. Azurfar kuwa na kai wa wani tsohon maƙeri Bayamane, ɗan ƙasar Yaman, a kasuwa, na ce ya narkar da ita ya ƙera wa yarinya awarwaro. Ya jujjuya ta, ya dube ni, ya ce aikin alhazai ya yi masa yawa, in dawo bayan Juma'a.

Na roƙi Gwaggo ta rufa mini asiri, ta rantse. Kafin kwana biyu zance ya zagaye unguwa. Gidajen da maigidana yake kai wa ruwa suka fara cewa randarsu a cike take. A bazan wani abokin aikinsa ya ce masa ya soja, yau ruwan alwala ka ɗebo ko na wankan coci, aka yi dariya. Ya dawo da garwarsa cike ya ajiye a tsakar gida, ya buɗe akwati, ya buɗe gwangwani. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya dai tambaye ni ina amanar mutane. Ni ko dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Kafin in haɗa amsa, saƙo ya zo cewa umda, mai unguwarmu, yana nemansa bayan la'asar a ƙofar masallaci, ni ma in zo.

Na tsaya bayan zana da goyona, dattawa na zaune a tabarma. A nan na fara jin labarin da na shekara biyu ina gida ɗaya da shi ban sani ba. Maigidana ya ce Baturen hoton nan hafsansu ne, mutumin Sikotlan, wata ƙasa mai duwatsu da sanyi a arewa da Ingila, inda maza ke sa buje ranar biki suna busa algaita da salka a hammata. Sojoji Mai Buje suke ce masa, yana kuwa amsawa, da Hausarsa karkatacciya. Abin azurfar nan ba na ibada ba ne, lambar jarunta ce da sarkinsu ya ba shi tun a Habasha, don ya koma cikin ruwan harsashi ya janyo waɗanda aka harbe. Ya ce a dajin Bama sun yi kwanaki suna salla suna fuskantar gabas kamar a gida, sai Baturen ya fito da ɗan agogonsa mai nuna kusurwa, ya ce musu a nan Makkarku tana yamma, ku juya. In Musulmi ya mutu, shi ne ke tsayawa ya daidaita musu kabari da alƙibla.

Ya ce ranar da aka harbe shi a cinya suna ƙetare wani kogi, kowa ya haye sai shi, yana riƙe da saiwar bishiya ruwa na jan sa. Baturen nan ne ya dawo ya goya shi, yana haki yana cewa kai ɗan banza, tuwon wa kake ci haka. Wasu dattawan suka yi murmushi. Ya ce ba a yi wata ba aka kai hari inda aka kwantar da masu rauni, Baturen ya zo kare su, harsashi ya same shi a ciki, a kan cinyar maigidana mai lafiya ya cika. Kafin ya cika ya ba shi lambar da takardar, ya ce a kai wa uwarsa, ba ta da kowa sai shi. Maigidana ya ce ya ji tsoron nunawa a bariki kada a ce gawa ya sata, ya ji tsoron nunawa a Makka saboda siffarta. Shi ya sa kowace shekara in jiragen ruwan alhazai suka iso yake tafiya dako Jidda, yana bin ma'aikatan jirgi yana tambaya ko da ɗan ƙasar Baturen a cikinsu.

Umda ya shafa gemu. Sannan ya ce abu mai wannan siffa ba zai zauna a Harami ba, wannan gaskiya ne, amma a tuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ranar da zai bar garin nan sai da ya bar wanda zai mayar wa masu ƙinsa ajiyarsu. Ya ce wanda ya goyi amanar mamaci daga Bama har nan ya fi su duka cancantar a sha ruwan hannunsa, ya sa aka ɗauko garwar maigidana daga gida da moɗa, ya ɗiba ya sha a gaban kowa. Sai ya juyo wajen zana ya ce ke kuma 'yata, ina abin yake. Da na ce yana maƙera, kuma yau Asabar, ban san maigidana yana iya gudu da ƙafar nan ba sai ranar.

Mun tarar maƙerin yana zuga wuta. Ya sa hannu a aljihu ya fito da lambar lafiya lau, ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, matar da ta zo tana kuka tana waige-waige ba ya narka mata komai sai ya ga mijinta. Saura ƙyallen da na ƙone. A nan idon nan nawa ya yi mini rana. Na yanki gefen farin mayafin aurena, na rina tsakiyarsa da shuni, na ɗinke shi daidai faɗin wancan, fari, shuni, fari. Maigidana ya duba ya duba, ya ce ma'alesh, ba komai, uwar 'yata, ko Mai Buje ba zai gane ba. Yarinya kuwa, a makon nan haƙora biyu suka ɓullo mata, zazzaɓi ya tafi, alhali lambar tana cikin ɗakin. Gwaggo ta zo da kanta da kwanon fura, ta ce bakinta ne ya fi ta sauri.

A wannan shekarar Allah Ya haɗa maigidana da wani mai kula da injin jirgi, ɗan ƙasar Mai Buje, ya karanta takardar ya karɓi lambar. Da jirgin ya dawo wata shekara, sai ga ƙunshi: hoton wata tsohuwa riƙe da lambar, ƙyallena na jiki, da wata 'yar hular ulu da ta saƙa wa 'yarmu da hannunta. Hular sanyi a zafin Makka! Muka yi dariya har da hawaye, amma sai da yarinyar ta sa ta ranar Salla, tana gumi tana washe baki.

'Yan'uwana mata, abin da na koya shi ne tsoro mugun mashawarci ne, musamman in ɗanki na kwance. Shirun miji ba kullum ne yake ɓoye mugunta ba, wani nauyi ne yake ɗauke da shi da ya fi garwa biyu. In kin ga abin da ba ki gane ba a ɗakinki, ki tambayi mai ɗakin kafin ki tsallaka katanga, don abin da wuta ta ci wani lokaci ana iya ɗinka madadinsa, amma sunan mutum ba kowa ke samun umdan da zai sha ruwansa a bainar jama'a ba. Gwangwanin yana nan, hular ce a ciki yanzu, kuma a buɗe muke barin sa.