Sifirin ɗin Ƙafar Mashin

Jiya ɗana yana sa wa ƙafar jingine mashin sabon sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai riƙe ta sama, sai ya kuɓuce masa ya bugi ƙofar kwano. Ƙarar nan ce ta dawo mini da Baba, uban mijina.

Ina da cikin yaron nan sifirin ɗin mashin ɗinmu ya tsinke, maigida ya ɗaure ƙafar da roba, wai sai ranar kasuwa. Ya ɗauke ni za mu awo Kafanchan. A kwanar bayan coci robar ta saki, ƙafar ta caki ƙasa, mashin ya yi wurgi da mu. Tsakuwa ta sale mini hannu har gwiwa, bakina duk ƙasa da jini, ni dai cikina na riƙe.

Baba ya taho daga gonar citta da gudu. Da ya ga robar, ya wanke ɗansa da mari a gaban mutane.

"Mutum biyu ka ɗora a kan roba? In ka gaji da su, dawo mini da su gidana."

Ranar Baba ya sayo sifirin, ya ja shi da waya da kansa. Ƙarfen ya ƙwace ya tsaga masa gira. Jini na ɗiga a rigarsa, bai tashi ba sai da sifirin ɗin ya shiga. Da tabon nan aka binne shi.

Allah ya ba shi hutu. Jikan da ya zubar wa jini, Ubangiji ya riƙa dawo mana da shi gida lafiya.