Talabijin ɗin da Modu Ya Saya da Damina

Modu mai shayi bai taɓa kai kuɗinsa banki ba. Abin da tebur ya kawo, in ya ɗan taru, sai ya sayi shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, da kaka lokacin da take arha, ya jera buhunan a kan gungumen itace a ɗakin ƙofar gida. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya taso yana yi.

A wani ƙauye na bakin kogi, gabas da Haɗejiya, aka haife shi. Da kamun kifi ya fara neman abinci. Ya yi shekaru yana jan koma da asuba, har ciyawar kacala ta cinye wuraren da suka saba kamu, sanyin ruwa kuma ya kama masa ƙirji. Da tari ya ƙi barinsa sai ya sayar da komarsa, ya sayi tukunya da kofuna, ya kafa tebur a mashigi, inda jiragen fito suke sauke mutane. Ba shi da yawan magana. Shayinsa da kauri, burodinsa ba ya kwana, yana fitowa kafin kowa. Da wannan ya riƙe matarsa Bilkisu da 'ya'yansu.

Cinikinsa na gaske da kaka ne, lokacin da masu yankan shinkafa suke zuwa daga garuruwa su cika fadama. Abin da ya samu a waɗannan watannin shi ke kai gidan har wata shekara.

Sai wani saurayi mai suna Haris ya dawo daga Kano, ya kafa rumfar shayi a ɗaya gefen mashigin, ya ɗora sola a kan rufi, ya rataye ƙaton talabijin. Shayin Haris ruwa ne zalla, kowa ya sani. Amma akwai ƙwallo, akwai fim. A kakar nan Modu yana zaune yana kallon bayan mutanen da ya shekara yana ba bashin burodi. Ya lissafa a ransa, ya ga in aka sake kaka ɗaya irin wannan, tebur ya tashi, sai dai ya koma ruwa. Ƙirjinsa kuwa ba zai ɗauka ba.

Ya fara da abin da ya fi sauƙi: ya samo farantin sola da batir na hannu. Talabijin ne ya tsaya a kansa, ya ce sabo zai saya, babba, wanda na ƙarshen benci zai ga ƙafar mai buga ƙwallo.

Duk sati yana shiga Haɗejiya sayen suga da madara da ganyen shayi. Sai ya mayar da shagon Badaru mai kayan lantarki wurin tsayawarsa. Ya nuna wanda yake so, ya ji kuɗin, ya girgiza kai, ya wuce.

"Modu, kai ɗan leƙen asiri ne ko mai saye?" in ji Badaru wata rana. "Har talabijin ɗin ya san fuskarka. In ka shigo sai ya yi haske da kansa."

"Nawa yau?"

"Yadda na faɗa maka wancan satin, da ɗan ƙari."

"Me ya ƙaru a jikinsa?"

"Dala ce ta ƙaru, ba shi ba."

"To a gaishe ta."

Ba wasa Modu yake yi ba. Yana lura. Da kaka manoma suna shigowa da kuɗin shinkafa a aljihu, ga bikin aure ko'ina, ba mai rage maka ko sisi. Da aka ɗebe tattasai da albasa na noman rani, haka. Gab da Sallah, ba a magana. Lokaci ɗaya ne ya ga 'yan kasuwa suna laushi: tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya datse hanyoyin ƙauyuka, kowa ya zuba abin hannunsa a gona, masu shago suna zaune suna korar ƙuda, ga kuɗin haya yana jiransu. A daidai lokacin nan kuma shanshera take daraja. Ya ce nan zai sa ƙafa.

Bilkisu ba ta ga hikimar ba.

"Maigida, tun bara kake auna talabijin ɗin nan kamar mai auna gona. Yaran Haris har waƙa suke yi maka."

"Su yi. Ba su za su biya ba."

"In ruwa ya rigaka zuwa wurin buhunan fa?"

"Na ɗaga su."

A watan Agusta ruwa ya zo, ya fi na bara. Ya haye gonaki, ya shigo lungunan gari, ya tsaya a dokin ƙofa. Katangar maƙwabcinsu ta zauna. Bilkisu ta ɗora tukwane da tabarmi a kan gado, yara suna kwana a kan bencin shayi. Modu ya ɗauki jirgi, ya loda buhunansa, ya rufe su da leda, aka tuƙa shi har inda mota take iya zuwa. Ya sayar a Haɗejiya da kuɗin da ya yi tsammani, ya nufi shagon Badaru da jiƙaƙƙen wando.

Shagon ba kowa. Badaru ya faɗi kuɗi, Modu ya taya. Badaru ya rantse ko uwar kuɗin bai kai ba. Modu ya juya zai fita.

"Dawo, dawo. Kai dai ba ka da tausayi. Kawo."

Aka kunna a gabansa, aka gwada, aka mayar cikin kwali. Bai taɓa sayen wani abu da ya ji daɗin cinikinsa kamar wannan ba. Sai da ya ɗaga kwalin sannan ya tuna ba shi da inda zai kai shi. Gida ruwa ne a ƙasa, yoyo a sama. Ya roƙi Badaru ya ajiye masa zuwa janyewar ruwa.

"A'a. Abin da na sayar ba ya kwana a shagona. Gobe ɓera ya taɓa waya ka ce ni ne."

Mutanen bakin kogi suna da yadda suke yi in ruwa ya yi yawa: abin da ake jin tsoron ya jiƙe, sai a kai wa ɗan'uwa da ke kan tudu. Modu ba shi da kowa a tudu sai surukinsa, Malam Shu'ibu, mahaifin Bilkisu, a Birniwa. Ba a zuwa gidan suruki hannu sake, sai ya biya kasuwar kifi ya sayi kwalin banda, ya hau mota da kwali biyu.

Malam Shu'ibu dattijo ne daga gidan makiyaya, mai kunya ƙwarai. Bilkisu 'yar farinsa ce, bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa zama ta yi doguwar magana da shi ba. Mahaifiyarta ta rasu. In akwai saƙo tsakanin gidajen biyu, ƙaninta Fatihu ne yake ɗauka. Ran nan kuwa Fatihu ya bi shanu daji.

Modu ya tarar da dattijon a zaure tare da abokansa bayan la'asar. Ya cire takalma tun daga nesa, ya shigar da kwalayen ya jingine su a bayan ƙofa, ɗaya kusa da ɗaya, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya ruwa a wajenku?"

"Da godiya, Baba."

"Mutanen gidan?"

"Suna gaisuwa."

Ba a nuna abin da aka kawo wa suruki, ba a ambatonsa, balle a gaban mutane. Ajiyewa ake yi a tashi. Modu ya buɗe baki zai ce ɗaya kwalin ajiya ne, ya ga idanun dattawa a kansa, ya ji kamar zai ce wa mutumin, wannan naka ne, wancan kuwa kada ka taɓa. Maganar ta ƙi fitowa. Direban da zai koma Haɗejiya yana ta danna hon a bakin titi. Ya ce a ransa in ya isa gida Bilkisu ta kira Fatihu ta faɗa masa. Ya yi sallama ya fita.

A gida wayar Bilkisu ba caji, tasa ta sha ruwa a jirgi. Rana ba ta fito ba balle sola ta yi aiki. Kafin su samu wuta, sai ga Fatihu da kansa ya sauko daga jirgin fito, yana jan ɗan rago da igiya.

"Yaya Modu, Baba ya ce a gaishe ka, a sake gaishe ka. Ya ce ko ɗan da ya haifa bai yi masa abin da ka yi ba. Ya sa liman ya yi maka addu'a ran Juma'a, kowa ya shafa. Ga wannan, ya ce tukwici ne, kada ka raina."

Modu ya dubi ragon. Ragon ya dube shi.

"An buɗe kwalin ke nan?"

"Tun ran nan! Ɗan maƙwabcinmu ya jawo mana wuta daga solarsu. Yanzu Baba Ka'aba yake kallo safe da yamma. Kifin ma ya yi daɗi."

Bilkisu ta jira har Fatihu ya tafi masallaci.

"Kai da bakinka ba ka iya cewa ajiya ba ce?"

"A gaban mutane?"

"To yanzu fa? Gaban mutanen Birniwa duka."

"Ke ki faɗa masa. Mahaifinki ne."

"Ni? Mutumin da ko sunana ba ya faɗa? In ce masa, Baba, addu'ar da aka yi a mayar? Wallahi sai dai ka je da kanka."

"Fatihu fa?"

"Fatihu ne ya hau tsani ya kafa shi. Kai dai ka je."

Da ruwa ya janye, shinkafar da ta tsira ta fara ja, Modu ya shirya ya tafi. A mota yana ta jera maganar a ransa. Zai ce aro yake nema, na wata biyu kawai, in kaka ta wuce ya dawo da shi.

Ya tarar an share zauren, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Talabijin yana bango, an yi masa riga da yadi mai aiki saboda ƙura. Dattawa sun fi na wancan zuwan yawa, har da wani makaho da aka zaunar kusa don ya ji karatu. Malam Shu'ibu bai dubi Modu ba, kamar yadda ya saba. Abokansa ya duba.

"Ga shi nan. Shi ne."

Suka yi ta sa albarka. Wani ya ce shi surukansa ko goro sai ya aika. Makahon ya miƙo hannu yana neman na Modu, ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

"Ya sana'a?" in ji Malam Shu'ibu, yana kallon tabarma.

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ba wata damuwa?"



"Babu, Baba."

Ya sha furar da aka kawo masa, ya tashi.

Masu yankan shinkafa sun riga sun fara sauka a mashigi. Modu ya ja ragon zuwa kasuwa ya sayar, ya haɗa kuɗin da ɗan abin da ya rage na jarin suga da madara, ya shiga shagon Badaru a tsakiyar kaka, manoma cike da shagon suna taya kaya ba ragi.

"A'a! Modu! Wancan ya haihu ne ka zo saya masa ƙani?"

"Nuna mini ƙarami."

"Kai da ka ce mai sayen talabijin da kaka bai san ciwon kuɗinsa ba?"

"Na faɗa. Nuna mini."

Wanda kuɗinsa ya kai bai fi faifan tankaɗe girma ba, kuma Badaru bai rage masa komai ba. Modu bai taya sau biyu ba. Ya rungumo shi a jirgi, ya kafa ƙusa a jikin turken rumfa, ya haɗa da batir kafin magariba.

Samari masu son ƙwallo suka leƙo, suka yi dariya, suka wuce wurin Haris. Manyan leburori, waɗanda suka yini a sunkuye suna yanka, su suka tsaya. Ɗaya ya ce daga benci ba ya ganin komai sai kore. Modu ya sauke tukunya, ya kama bencin ya jawo shi gaba har gwiwoyinsu suna taɓa tebur, ya ajiye na biyu a bayansa.

Benci na farko ya cika a ranar. Na biyu sai da aka yi sati. Cinikin bai kai na shekarun da ba, amma Modu ya biya mai burodi, ya sayi buhunan shanshera kaɗan ya jera, bai kuma koma ruwa ba.