Ka mai lanƙwasa

Kawuna malamin dabbobi ne, ni kuma aikina rubuta manhaja, a wani ɗaki a gidanmu na Gumel. Da ya ishe ni da mitar lissafin allura, sai na rubuta masa ɗaya a waya: ka zaɓi dabba, ka sa nauyinta, ta gaya maka yawan maganin tsutsa.

Na gina ta yadda aka koya mana, kowace irin dabba da ajinta a cikin manhajar. Akwai uwar aji, ta gama-gari, wadda kowace dabba ke gado daga gare ta, lissafinta kuma na shanu ne. Ajin tumaki yana da nasa lissafin mai suna iri ɗaya, wanda ya kamata ya danne na uwar. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren na'ura, ita ke zaɓar wanda za a bi. Na yarda da ita, ban gwada ba, na tura wa Kawu.

Sai ranar Alhamis da hantsi, don kawai in cika ƙa'ida, na rubuta gwaji: rago, nauyi kaza. Amsar saniya ta fito. Na maimaita, haka ta sake fitowa. Na fara zagin kwamfaila, na ce ta rikice da ajin gama-gari, har na soma haɗa ƙaramin misali don in kama ta. A wajen kwafo sunayen ne na gani. A uwar na rubuta "ƙiyasta" da ka mai lanƙwasa, a ajin tumaki kuwa, cikin gaggawa, "kiyasta". Ni kalma ɗaya nake karantawa, ita biyu take gani. Ba ta da laifi ko kaɗan.

Alhamis kuwa kasuwar Maigatari ke ci, Kawu yana can cikin tumakin mutane da sirinji. Na kira shi, layin bai shiga ba. A bakin iyaka wayarsa takan kama sabis ɗin Nijar. Na hau babur na nufi can. Duk hanyar nan raguna nake gani a kwance suna kumfa, masu su sun kewaye tsohon.

Na same shi a kara, inda ake sayar da dabbobi, yana wanke hannu. Ko sallamar kirki ban yi ba.

"Kawu, ka yi wa tumaki allura da lissafin wayar nan?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, ɗan nan, ni za a ce in ɗura wa rago wannan? Ina ganin lambar na mai da wayar aljihu."

Na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Ya yarfe hannu, ya ce, "Amma fa na tura wa abokin aikina na Gagarawa manhajar tun shekaranjiya. Sabon ma'aikaci ne, shi abin da waya ta ce shi yake yi."