Filin Tsohuwar da Na Rubuta da Sunan Wani

Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Maraɗi. Karatun aikin gona ya kawo ni Lyon, na zauna a unguwar Minguettes. Har na gama karatu ban taɓa ɗaukar abin wani ba. Daga nan na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, da ke cika wa manoma dosiye, takardun neman tallafin gwamnati.

A ƙasar nan gwamnati na biyan manomi idan ya bar shingen itatuwansa a tsaye, ko ya ƙyale fadama da ciyawarta saboda ruwa da tsuntsaye. Aikina shi ne in zana filin kowa a taswirar ordinata, wato kwamfuta, in aika wa hukuma.

Farkon abin, wani manomi ne ya sare shingensa don tarakta ta samu hanya. Ya ce mini, "Bar shi a taswira, wa zai zo dubawa?" Na bari, ya kawo mini kwalbar zuma. Ba wanda ya zo. Manomi na biyu ambulan ya miƙo mini da kuɗi a ciki. Na uku kuwa ni na yanka masa farashi.

Wata Juma'a a Paris, na ba wani mai shagon waya a unguwar Barbès labarin ina dariya. Alhaji muke ce masa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, kai da ke ganin taswira, babu filayen da ba a nema musu komai?" Akwai su mana. Ya kawo sunan wani mutum, muka mai da shi manomi a takarda, na rubuta masa filayen mutane. Tallafi ya riƙa shigowa muna rabawa.

Wata safiya sai ga wata tsohuwar Bafaranshiya a gabana, mai kiwon tumaki. Mijinta ne ke mata takardu, tun da ya rasu ba ta nemi komai ba. Yanzu ta nema, an ce wani ya riga ta. Na buɗe taswira. Filinta na cikin waɗanda na rubuta.

Ta ce, "Ɗana, duba mini da kyau. A filin nan aka haife ni."

Na ce kuskuren na'ura ne. Na fita na kira Alhaji, na roƙe shi mu janye. Ya ce, "Hannunka ne a ciki, ba nawa ba," ya kashe waya. In na gyara, na tona kaina. In na bari, ta rasa. Na bar abin yadda yake. Aka dakatar da dosiyenta ana bincike, lokacin sanyi ya shigo ba ta da abin sayen ciyawa, ta sayar da tumakinta.

Jandarmomi a biro suka same ni, gaban abokan aikina. Alhaji ya riga ya bar ƙasar. A kotu tsohuwar ba ta zage ni ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Ashe kai ne?" Aka yanke mini shekara biyu.

Yayata da ke zaune a La Courneuve, kusa da Paris, ita kaɗai ke zuwa gidan kaso. Kullum tambayarta ɗaya: "Me zan ce wa Inna?" Na ce, "Yaya, ban sani ba." Inna ta rasu tana zaton aiki ne ya hana ni kiranta.

Yanzu na fito. An ƙi sabunta mini takardar zama, a falon Yaya nake kwana ina jiran abin da za a yanke a kaina. Na rubuta wa tsohuwar wasiƙar neman gafara, aka dawo mini da ita, wai ba ta wannan gidan. Na tuba ga Allah, amma haƙƙinta ban san inda zan kai shi ba.

Ku ƙannena da ke karatu a nan, wata rana za a ba ku amanar takardun mutane. Ku tuna kowane suna da kuka gani a ciki mutum ne mai rai, kuma zai iya zuwa ya zauna a gabanku. Ranar da aka ce ku ƙara layi ɗaya don ba mai dubawa, ku ce a'a tun a ranar. Ni daga baya na so in faɗa, ban samu dama ba.