Fanaretin da Yaya Bai Buga Ba

Abin da na fara gani da muka shiga filin wasan a Lyon shi ne tebur. An ajiye shi a bakin ciyawa, an rufe shi da farin ƙyalle, an danne gefensa da duwatsu saboda iska. Abu biyu ne a kai. Babban kofi na ƙungiyar da za ta ci gasar jami'o'i, sai wani ɗan mutum na ƙarfe mai ruwan zinariya, ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo. Shi ake ba ɗan wasan da ya fi kowa a shekarar. Saboda wannan ɗan mutumin muka taso daga Paris, ni da Baba.

Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu. Yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a, kuma shi ne kapitan na ƙungiyarsu, yana buga tsakiya. Kowa ya san cewa wanda ya ɗauki ɗan mutumin, wani kulob na ƙwararru zai kira shi gwaji. An riga an yanke magana a gida: in ya samu, ya tafi gwajin, in bai samu ba, ya rataye takalmansa, ya bi Kawu zuwa Rungis, babbar kasuwar abinci, ya riƙa sauke kaya har Allah ya kawo aikin da ya karanta. Ta bakin Inna aka yi wannan maganar, tana ɗauka daga falo ta kai ɗaki, don Baba da Yaya ba sa doguwar magana ido da ido. Ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba. “Yaron ga” yake cewa, ko kuwa “yayanki”. Yaya ma in yana dariya da mu Baba ya shigo, sai ya haɗiye dariyar, ya nemi hanyar ɗaki.

Baba bai taɓa ganin wasansa ba. Ni kuwa na sha gani, a filayen bayan gari da ake zuwa da metiro a ƙarasa da bas. Yaya na fili daban yake da Yaya na gida. A fili yana da murya. Yana nuni da hannu, yana tsawa, yana jan kunnen mai tsaron gidansu. Duk fanaretin da aka ba su shi ke bugawa, kuma ban taɓa ganin ya ɓarar ba. In ta shiga, sai ya zube bisa gwiwoyinsa ya sulale a ciyawa, ya tashi yana rawar kafaɗa, abokansa su haye kansa.

Inna ce ta matsa a kan tafiyar. “Alhaji, gani ya kori ji,” ta ce. “Kar ka yanke ma yaro hukunci bisa labarin wasu.” Ita ce kuma ta ce kar a gaya wa Yaya, don ya ji daɗi in ya gan mu kwatsam. Baba ya bar magaza, wato shagonsa, a hannun maƙwabcinsa a Aubervilliers, abin da ba ya yi ranar Asabar, ya sa babbar riga shuɗiya da hular Juma'a. A jirgin ƙasa na buɗe burodin da Inna ta naɗe mana, ya ce na ci, shi ya ƙoshi.

Masu kallo ba su cika wurin zama ba. Ɗalibai ne mafi yawa, da iyaye cikin rigunan sanyi baƙaƙe da masu ruwan toka. Babu wata hula irin ta Baba a duk filin. 'Yan wasan suna motsa jiki, Yaya na gaba yana tafa musu, sai ya juyo wajenmu. Na ga lokacin da ya gane hular. Hannunsa ya tsaya. Ya ɗan rusuna daga can nesa, sannan ya kama gajeren wandonsa ya ja shi ƙasa, yana son ya rufe gwiwa.

Aka fara. Ni ban iya bayanin ƙwallo kamar masu magana a talabijin ba, amma na san abin da na gani. Duk ƙwallon da ta zo tsakiya, ƙafar Yaya take nema. Yana ƙwacewa ba tare da ya kayar da kowa ba, ya miƙa inda ba wanda ya zata. Sai dai bai buɗe baki ba. Mai tsaron gidansu ya yi ta waigowa yana jiran tsawar da ya saba ji.

Baba ya zauna ƙyam, carbi a hannu, fuskarsa kamar yana jiran a kira salla. Ƙasa na duba. Ya cire ƙafar dama daga cikin takalmi, kuma duk lokacin da Yaya zai miƙa ƙwallo, ƙafar tana riga shi motsi. Akwai sa'ad da wani ƙato ya bangaje Yaya, ƙafar ta daki bayan kujerar gabanmu har matar da ke kai ta waigo. Carbin bai matsa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ana kusa da tashi, ba wanda ya ci, aka kayar da mai lamba tara na su Yaya a gaban raga. Alƙalin wasa ya nuna ɗigon fanareti. Ɗaliban da suka zo daga Paris suka miƙe suna kiran “Kapitan! Kapitan!” Yaya ya ɗauki ƙwallon, ya goge ta da rigarsa kamar kullum, ya nufi ɗigon. Da ya kai, sai ya ɗaga kai ya dubi inda muke. Bai daɗe yana dubawa ba. Ya juya ya miƙa wa mai lamba tara ƙwallon da hannu biyu.

Mai horar da su ya jefar da gorar ruwa yana ihu da Faransanci, me kake yi, me ya same ka. Mai lamba tara ya buga, ta shiga. Ya tuɓe riga ya ruga da gudu, filin ya ɗauka. Yaya ya bi su a baya yana tafiya.

Akwai wani Bafaranshe mai furfura a bayanmu, da igiya a wuya irin ta masu shirya gasar. Daga baya na gan shi cikin waɗanda suka haɗa kai a bakin teburin kafin a sanar da wanda za a ba ɗan mutumin. Ya sunkuyo ya taɓa kafaɗar Baba, ya kira shi Mushe, wato malam da Faransanci.

“Mushe, kapitan ɗin nan ɗanka ne?”

“Yaron gidanmu ne,” in ji Baba.

“Duk shekarar nan muna kallonsa. Me ya hana shi bugawa? Tsoro ya ji?”

Baba ya yi murmushi irin wanda ake yi in baƙo ya yabi abincin gida. “Yaro ne,” ya ce. “Bai san komai ba tukuna.”

A wurinmu, haka uba ke amsa tambaya a kan ɗansa na fari, ko da ɗan ya zama gwamna. Mutumin ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya gyaɗa kai, ya ce abin takaici ne, ya sauka.

Mai lamba tara aka ba ɗan mutumin. Yaya na cikin waɗanda suka fara tafi. Da aka miƙa masa babban kofin a matsayinsa na kapitan, bai ɗaga shi sama da kansa ba, ya miƙa wa na kusa da shi.

Sai da ya sa dogon wando sannan ya hauro wurinmu. Ya durƙusa tsakanin kujeru.

“Baba, kun zo lafiya?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

“To, madalla.” Baba yana duban wani wuri can bayan raga. Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmi, ya ce bari ya nemi inda zai yi la'asar.

Da ya tafi, Yaya ya ja mini ɗankwali. “Ke, 'yar rahoto. Ke kika kawo shi?”

“Inna ce.”

“Da kun gaya mini.”

“Da me za ka yi?”

“Da na ce kar ya zo.” Ya yi dariya kaɗan. “Ke kin san in ta shiga ban iya tsayuwa. In zube ƙasa ina rawa a gabansa? Da wane ido zan shiga gida?”

“Sai ka ci ka ƙi rawar.”

“Ki yi shiru, ke ba ki taɓa ci ba.”

Shi ya koma Paris a motar ƙungiya, mu a jirgi.

Mako bai zagayo ba Yaya ya fara zuwa Rungis. Ina shirin lakwal, wato makaranta, da safe shi yana shigowa, rigarsa na warin kifi da ƙanƙara, bayan yatsunsa duk ya tsage. Kawu in ya kawo shi gida yakan tsaya shan shayi, ya riƙa ba'a. “Hajiya, wannan kapitan naku ba ya ɓarar da kwali ko ɗaya. Na ce mishi, ga fanareti nan, buga shi cikin kamiyon kaya!” Inna takan yi dariya don Kawu, ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba. Takalman ƙwallon suna baranda cikin leda, da ciyawar Lyon busasshiya tsakanin haƙoransu. Ruwa ya dake su, ba wanda ya shigo da su sai ni.

Da zafi ya fara, mai lamba tara ya zo gidanmu da kansa. Kulob ɗin ba su riƙe shi ba, amma ya ce za su buɗe gwaji ga duk mai so kafin sabuwar kaka, kuma ya yi musu maganar Yaya. Ina wanke kofuna ina jin su.

“Kai ne ya kamata su gani, ɗan'uwa. Kowa ya sani.”

“An gama wannan maganar,” in ji Yaya. “Tsohon ya zo har Lyon ya gani da idonsa. Bai ga komai ba.”

Washegari da aka tashi daga lakwal ban sauka a tasharmu ba, na zarce Aubervilliers. Na samu Baba shi kaɗai a magaza, zaune bisa dilar atamfa, yana yanke igiyar wani kwali. Na gaishe shi. Ya tambayi Inna, ya tambayi karatu, ya ce mi ya kawo ni. Ban taɓa fara magana da shi ba sai in shi ya tambaya. Na dubi ƙafarsa maimakon fuskarsa.

Na ce, “Baba, a Lyon na ga ƙafarka.”

Wuƙar ta tsaya a kan igiyar.

“Yaya na tsammanin ba ka ga komai ba. Ba sai ka kira sunansa ba, ba sai ka dube shi ba. Ko ta bakin Inna ce. Don Allah, Baba, ka gaya masa abin da ka gani, ka ce ya je gwajin.”