Kawu Sifana da Bututun Ƙirjinsa

Kawuna mai gyaran famfo ne, 'yan unguwa na kiransa Sifana. Tun yana saurayi yake rarrafe a ƙarƙashin famfunan mutane, kuma a ganinsa duk matsalar duniya toshewa ce: a buɗe, ruwa ya wuce, kowa ya kama gabansa. Taurin kai kuwa, ba a magana.

Ranar da ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin shago, likitoci suka buɗe jijiyar da ta toshe. Da ya farfaɗo ya ji labari, sai ya nemi takalmansa.

"Ai an gama aiki, likita. Bututu ya buɗe."

"Da saura, Baba," in ji likitar. "Jinin da ya dawo ya tarar da naman zuciya da rauni, yanzu wurin kumbura yake. Akwai sinadarin da jiki ke yi don buɗe jijiyoyi, naitirik oksaid. Kaɗan ɗinsa alheri ne, amma in kumburi ya sa ya yi yawa, shi ma ɓarna yake yi. Kwanakin nan ne masu haɗari. Ka kwanta."

Kawu ya ce to. Na san wannan to ɗin, shi yake ce wa matarsa Inna in ta hana shi gishiri.

Tsautsayi, famfon banɗakin asibitin yana ɗiga. Tun safe nake ganin idonsa na komawa can. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, har takalman na ɓoye.

Na fita karɓo magani, na dawo na tarar da gado wayam. Na ruga banɗakin. Can na same shi durƙushe ƙarƙashin famfon, ƙafa ba takalmi, yana murɗa noti da gindin cokali. Zufa ta jiƙa masa riga, leɓensa ya yi toka-toka.

"Kawu!"

"Saura kaɗan, 'yar nan," ya ce, sai cokalin ya suɓuce.

Na kwarma ihu. Nas-nas suka kwashe shi, aka rufe ƙofa aka bar ni a waje.

Ya rayu. Amma hoton da aka ɗauka ya nuna gefe guda na zuciyar ba ya bugawa sosai, likitar ta ce shi da aikin ƙarfi har abada.

Bayan an sallame shi, wata maƙwabciya ta shigo a rikice, bututunta ya fashe. Kawu ya daɗe yana kallon jakar kayan aikinsa. Sannan ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Je ki nemo mata wani."