Ranar da aka taka min ƙafar da aka yi wa tiyata

Shekarun baya aka yi min tiyata a ƙafar dama. Ƙashin gindin babban yatsana ne ya ɓullo gefe, yatsan ya karkace har yana hawa kan na kusa da shi. Ni kuma tela ne a Tudun Wada, da ƙafar nan nake taka keken ɗinki tun ina saurayi. Da ciwo ya kai ba na iya gama riga ɗaya sai na huta sau uku, na haƙura na miƙa kaina ga likita.

Na yi dabara, a ganina. Na sa aka yi aikin wata biyu kafin azumi, don in warke daidai lokacin ɗinkin Sallah, wanda shi ke riƙe tela duk shekara. Sati takwas ina zaune a gida, ƙafa bisa matashi, mahaifiyata na tsare da ni kamar mai jego. Ranar biyar ga azumi likita ya ce in koma aiki a hankali, amma kada wani abu ya bugi yatsan. Na shiga shago da bandeji fari tas, na tarar da shaddodin mutane goma sha ɗaya suna jirana.

Azahar ta yi, na ɗingisa zuwa masallacin layinmu. Na ajiye kujera a bayana saboda sujada, tunda yatsan bai lanƙwasuwa tukuna. Abokina, shi ma tela, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya tsaya a damana. Mutumin nan ya san komai, har gida ya zo dubiya, ya ci tuwonmu. Amma yana cikin masu cewa sahu bai cika ba sai ƙafa ta manne da ƙafa.

Liman ya yi kabbara, sai na ji ƙafarsa ta taɓo tawa. Na janye. Ta biyo ni. Na ƙara janyewa har ƙafafuna suka haɗe, ta sake biyowa. Jama'a, ina zan je? Sallah ake, ba halin magana. Da muka taso raka'a ta biyu, ya ɗaga ƙafa zai gyara tsayuwa, ya sauke min diddige a kan ɗinkin likita. Wallahi ban san yadda aka ƙarasa sallar ba. Ni da nake cika baki ban taɓa kuka a asibiti ba, sai ga hawaye har gemu.

Ana sallamewa na ce, “Haba malam! Ba ka ga bandeji ba?”

Ya ce, “To mi ya yi zahi? Sahu nike gyarawa. Kai ka yi ta gudu, ka bar ƙofa tsakaninmu.”

Ko sannu bai ce ba. Kafin la'asar ƙafa ta kumbura, bandeji ya jiƙe da jini. Likita ya duba, ya yi min faɗa kamar ni na taka kaina, ya ce sati huɗu ba keke. Haka na riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, suna zuwa suna kwashe shaddodinsu. Yawancinsu titi kawai suka tsallaka.

Kwana uku sai ga abokina a gida. Na ce a raina, to, ya zo ban haƙuri. Ya gaida mahaifiyata, ya zauna, ya ce, “Aiki ya yi mani yawa wagga shekara. Tunda kekenka na zaune banza, ara mani shi zuwa Sallah.”

Na buɗe baki, mahaifiyata ta riga ni. “Ba shi, ɗana. Azumi ake.” Na miƙa masa makullin shago.

Ƙafa ta warke sarai, yau ina taka keke yini guda. Muna gaisawa da shi, har ɗaurin auren ƙanensa na je. Ba ni da ja da gyaran sahu, amma tun daga ranar na gane mutum zai iya dagewa kan abin kirki har ya daina ganin wanda ke tsaye kusa da shi. Na ce na yafe, kuma ina ƙoƙari. Sai dai har gobe sannun nan nake jira, bai faɗa ba.